Formula One: Tarihin gasar tseren motoci mafi daraja a duniya

A ranar 13 ga watan Mayun 1950 aka buɗe gasar tseren motoci ta Formula One a Silverstone, wani tsohon filin jiragen yaƙi da ke Ingila. Giuseppe Farina ɗan Italiya ne ya lashe tseren da motar Alfa Romeo, kuma shi ya zama zakaran shekarar.

Amma gwarzon wancan zamani shi ne Juan Manuel Fangio na Ajantina, wanda ya ɗauki kambu sau biyar tsakanin 1951 da 1957, da motocin kamfanoni huɗu. Babu wanda ya zarce shi sai Michael Schumacher na Jamus a 2003, wanda ya cike na bakwai a 2004. Lewis Hamilton na Birtaniya, baƙar fata na farko a gasar, ya kamo Schumacher a 2020.

Wannan ɗaukaka ta ci rayuka. Ayrton Senna na Brazil, zakara sau uku, ya mutu a Imola da ke Italiya ranar 1 ga Mayun 1994, kwana guda bayan rasuwar Roland Ratzenberger a filin. Hakan ya tilasta wa hukumar FIA sake fasalin motoci da hanyoyin tsere, kuma aka shafe shekara 20 ba a sake yin hatsarin da ya kashe direba a gasar ba, sai na Jules Bianchi a Japan a 2014.

Afirka kuwa zakara ɗaya tak ta taɓa fitarwa, wato Jody Scheckter na Afirka ta Kudu a 1979. Rabon nahiyar da ɗaukar nauyin tseren tun 1993 a Kyalami, alhali birnin Jidda na Saudiyya ya shiga jadawalin a 2021.