Daga Tukubar Kurmi Zuwa Gidan Shawarma: Tarihin Cin Abinci a Waje



A da idan mutumin Birnin Kudu ko Gwaram ya dawo daga Kano, tambayar da ake yi masa ita ce nawa ya samo shadda a Kwari. Yanzu samari sun ƙara wata: "A ina ka ci abinci?" Wannan ya ce shawarma ya ci a titin gidan Zoo, wancan ya zaro waya ya nuna hoton farantin da shi kansa bai iya faɗin sunan abin da ke ciki ba. Dattawa kuma su kaɗa kai su ce lalacewar zamani ce, Bahaushe bai gaji cin abinci a waje ba. Maganar tasu tana da gaskiya, amma rabi ce, kuma ɗaya rabin ya fi daɗin ji.

Gaskiya ne cewa a al'adarmu abin kunya ne magidanci ya zauna a kasuwa yana kai loma. Wannan yana da tushe a karatu, domin littattafan fiƙihu sun lissafa cin abinci a kasuwa, ga wanda ba ɗan kasuwar ba, cikin abubuwan da ke zubar da mutunci, har ya iya taɓa karɓar shaidar mutum a gaban alƙali. Ga kuma bakin mutane. Idan aka ga mai iyali a gaban mai tuwo-tuwo da magariba, kafin gari ya waye an gama yanke hukunci: ko dai uwargida ta yi yaji, ko maigidan ya kasa cefane. Waɗanda aka ɗauke wa wannan kunya su ne matafiyi da gwauro da wanda sana'arsa ta tsare shi a kasuwa.

To amma su ɗin ba kaɗan ba ne. A watan Janairun 1824 wani Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton, ya shigo Kano, ya zaga kasuwar Kurmi, wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. A littafin tafiyarsa ya kwatanta wuraren cin abinci da ya gani kusa da mahauta: wuta a tsakiya, an kewaye ta da tsinkaye, an jera nama da kitse yanka-yanka. Ya ce wurin tsaf yake. Mace ce ke raba wa masu saye, da faifai a kan gwiwarta, su kuwa sun tsuguna sun kewaye ta, a gefe ana sayar da abin sha na gero da bai wuce wuri ashirin ba. Ku lura da wannan: shekaru ɗari biyu da suka wuce, ga tsire a tukuba, ga mace tana sallamar masu ci a tsakiyar kasuwa, ba wanda ya ce duniya ta tashi.

Manyan baƙi kuwa ba sa ma bukatar rumfar abinci. Fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro, da masu koro shanu zuwa Kurmi, suna da zango, suna da fatoma. Fatoma shi zai sauke ka, matansa su girka maka, ya nemo maka mai saye, kuɗin tuwon kuma ya fita a cikin la'ada ba tare da an ambace shi ba. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya tarar da wannan tsari yana aiki daram. Ina ganin wannan ne babban dalilin da ya sa gidan abinci irin na tebur da kujera ya makara a ƙasar Hausa: karɓar baƙo ta riga ta toshe gurbinsa.

Akwai kuma wata kasuwar da ba ta da rumfa ko ɗaya, kuma ita ce mafi girma. Polly Hill ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, a 1969 ta wallafa maƙala kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin ɗakunansu, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Ƙosai, waina, ɗanwake, dambu, fura, alala, duk daga cikin gida suke fita a kan 'yan talla, ko a aiko yaro da kwano da kuɗi. A gidaje da yawa tuwon dare kawai ake ɗorawa, abincin rana saye ake yi. Kowa a nan ya san gidan da ake layin waina a unguwarsu. Ashe ke nan Bahaushe bai taɓa ƙin sayen dafaffen abinci ba, abin da ya ƙi shi ne a gan shi yana ci. Yaron nan mai kwano a hannu shi ne kakan mai babur ɗin da ke kai saƙon abinci a Kano yau, bambancin kawai shi yaron ladansa ƙanzo ne.

Sai batun baƙon abinci. Masu yi wa shawarma kallon bare su tsaya su saurari sunayen abin da muke kira na gargajiya. Gurasa, alkubus, alkaki, duk sunayen Larabci ne da harshenmu ya lanƙwasa, kuma Kano ta daɗe da Larabawan Tarabulus da Gadamus a cikin ganuwarta. Yau idan aka ce gurasar Jakara, wa zai ce ba ta Kanawa ba ce? Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir asalinsu nahiyar Amurka ne. Cire su daga madafin Bahaushe ka ga abin da zai rage: babu ƙuli-ƙuli, babu yajin tsire kamar yadda muka san shi, babu jar miya. Wata rana can baya akwai wanda ya fara ɗanɗana bandashe, kuma na tabbata an sami dattijon da ya kaɗa masa kai.

Abin da ya sauya al'amarin da gaske shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka kafa Sabon Gari domin ma'aikatan da suka zo daga kudu, Kwarori suka kafa kantuna a Fagge. Garin ya cika da leburori da akawuna masu albashi a aljihu, ba mata a kusa, ba fatoma. Dole a sami inda za su ci. Daga nan kalmar otal ta shigo bakinmu, sai dai ta shigo da ƙura a jikinta, domin otal ɗin Sabon Gari wurin abinci ne kuma wurin giya. Shi ya sa har gobe dattijo zai ce maka ya tsaya a gidan abinci, ba zai ce ya shiga otal ba.

Wanda ya karya kunyar, a ganina, mai shayi ne. Teburinsa ba kasuwa ba ne, ba otal ba ne, a bakin layi yake, kuma shayi da burodi ba a ɗauke su abincin da zai tona asirin gida ba. Magidanci zai zauna a benci bayan asuba, rediyo na kan tebur, sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 yana ba da labarin duniya, a yi gardamar siyasa, a tashi. A wannan benci aka saba da zama a ci a gaban jama'a. Da Indomie ta yaɗu bayan an fara yin ta a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990, sai mai shayi ya ƙara kasko, ya zama cikakken gidan abinci ba tare da ya sauya suna ba.

Mu a kudancin Jigawa hanya ce ta kawo mana namu. Birnin Kudu tana kan titin Kano zuwa Maiduguri, direba kuma duk inda yunwa ta kama shi nan ne gidansa. Masu tuwo-tuwo na tasha, masu balangu, masu fura da nono a bakin titi, da masu abinci a ranar kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, matafiya da 'yan kasuwa ne suka raya su. Ga ma'aikatan asibiti da malaman kwalejin gwamnati da ake turowa daga nesa. Sannan a ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiro jihar Jigawa daga tsohuwar Kano. Ma'aikata da yawa aka mayar da su Dutse alhali iyalansu na Kano, su zo Litinin su koma Juma'a. Magidanta ne masu mutunci, amma kwana huɗu a mako gwagware ne. Babu mai yi musu gori don sun zauna a gidan abinci, tunda mai gorin ma a layi ɗaya suke.

Cin abinci a waje don nishaɗi, ba don dole ba, shi ne sabon. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya gina wuraren shaƙatawa irin su Bagauda da gidan Zoo, amma otal-otal na lokacin na manya ne. Kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's a Legas a 1986, daga baya rassansa suka iso Arewa. Abin da irin waɗannan wurare suka sayar ba kaza da shinkafa kaɗai ba ne, har da sanyin na'ura da ƙofar gilashi da wurin da saurayi zai kai budurwa ba a zaure ba. A 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall, mutane suka riƙa ɗaukar iyali ranar sallah don a ci a sha a ɗau hoto. Shoprite da ke ciki ta rufe a Janairun 2024, amma ɗabi'ar ta zauna.

Abin dariyar shi ne inda aka zagayo. Yanzu a Kano da Abuja akwai wuraren da za a shimfiɗa maka tabarma, a kawo tuwo a akushi da fura a ƙwarya da ludayin duma, ka biya kuɗin da zai ciyar da gida guda, ka fito kana cewa ka ga abin burgewa. Matan aure kuma sun koma sana'ar kakanninsu, suna girki daga cikin gida suna tallatawa a Instagram da WhatsApp. Wannan ya yi mini daɗi, ko ba komai an sauke farantin talla daga kan wasu 'yan mata.

Abin da ke damuna daban ne, wato ciyayya. Bayan sallar isha magidantan layi su hallara a ƙofar gida ɗaya, kowa a fito da kwanonsa, a haɗa a ci. Baƙon da dare ya yi masa ya sa hannu, almajiri ya sami saura. A nan ake gane gidan da ba a hura wuta ba, ba tare da an tambayi kowa ba: kwanon wane bai fito ba jiya, bai fito ba yau, gobe da sassafe sai a ga an aika da kwanon gero ta hannun mata. Gidan abinci ba ya wannan aikin, domin wanda ba shi da kuɗi ba ya zuwa, kuma babu mai lura da cewa bai zo ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 hatsi ya yi tsada, na ga layukan da kwanukan suka ragu daga takwas zuwa uku, wasu magidantan kuma sun daina fitowa gaba ɗaya, suna cewa sanyi ne ya hana su.