Asalin Kalma: Masihiyawa

Daga Larabci muka samo Almasihu, shi kuma tushensa Ibrananci ne, ma'anarsa shafaffe da mai. Hausa ta ɗora masa "-awa" irin ta Kanawa da Katsinawa, aka sami Masihiyawa, wato mutanen Almasihu.

Kiristocin Hausawa ne ke kiran kansu haka. A karkarar yammacin Kano, wajen Gwarzo da Kabo, da yawansu jikokin Maguzawa ne, kuma sun sha gorin "arna". Ina ganin zaɓen sunan nan tsayuwar daka ce: ga harshen gida, ga bangaskiya, ba a saki ko ɗaya ba. Yakan tuna mini da makahon da ke cikin Linjilar Yohanna sura 9, wanda aka kora daga majami'a don ya ƙi musun wanda ya buɗe idanunsa. Mai karatu, kira su da sunansu.