Daga Bakin Kaka Zuwa Shafin Takarda

'Yan uwa mazauna Sabon Ibadan, da yawa cikinmu mun tashi ne da tatsuniya a bakin kakanni, bayan sallar isha'i. To, yaushe Gizo da Ƙoƙi suka shiga takarda?

Wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya tara tatsuniyoyi daga hannun malamai, aka buga su cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Amma fa ba don 'ya'yanmu aka yi su ba, Turawa ne ke koyon Hausa da su.

Abin ya soma zama namu ne a Zariya. A 1933 Hukumar Talifi, ƙarƙashin Dokta East, ta sa gasar rubuta labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara. Daga nan Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littattafai uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939, da zane-zane a ciki. Dubi dabarar malamin nan: aku ya sa yana ba ɗan sarki labari, ana gama wannan a shiga wancan, don a hana yaron fita. Ai aikin kaka ke nan, sai dai an sa mata fukafukai! Wasu labaran daga Larabawa ya ɗauko, wasu daga Turai, amma ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne. A ganina shi ya sa littafin ya fi daɗi in an karanta shi a fili, yara na kewaye da kai.

NORLA ta zo a 1953 lokacin Yaƙi da Jahilci, ta rushe a 1959, sannan kamfanin NNPC na Zariya ya kama aikin a 1966.

Abin da mutanenmu ba su cika sani ba shi ne, garin nan ma yana da hannu. Littattafai shida na Tatsuniyoyi da Wasanni, na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, kamfanin Oxford na nan Ibadan ne ya fitar da su a farkon shekarun 1970. Daga nan ake ɗaukarsu a kai makarantun Arewa, mu da muke maƙwabtaka da su ba mu ko leƙa ba.

Yau yaro a Sabo Yarbanci yake yi a waje, Turanci a boko, Larabci a Islamiyya. Hausar ta rage ta aike da faɗa. Kakar da za ta ba shi labari kuwa tana can Kano ko Katsina. Duk wanda zai hau Arewa saro kaya, ya tambayi masu sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi, littafi ɗaya ba zai ƙara masa kuɗin mota ba.