Zuwa Wata da Dawowa Lafiya: Waiwaye a Kan Shirin Apollo

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa a tarihin tafiyar ɗan Adam zuwa wata, dawowa ta fi zuwa wuya. Tun ran 25 ga Mayu, 1961, da Shugaba Kennedy na Amurka ya gabatar da wannan buri gaban majalisa, sharaɗi biyu ya gindaya, watau a sauke mutum a kan wata, sa'an nan a komo da shi duniya lafiya, kafin ƙarewar shekarun 1960.

Shekarar 1967 ta nuna nauyin sharaɗi na biyu. A Janairu wuta ta kama kumbon Apollo 1 ana cikin gwaji a ƙasa, mutum uku suka halaka. A Afrilu kuwa Vladimir Komarov na Tarayyar Sobiyet ya rasu yana dawowa daga kewaya duniya, saboda laimar kumbonsa ba ta buɗe sosai ba.

Haɗarin dawowa daga wata ya fi wannan, domin kumbo yakan shigo iskar duniya da gudun kimanin kilomita 11 a daƙiƙa guda. In ya tsunduma da yawa, sai ya ƙone. In kuma ya yi kwance da yawa, sai iska ta cilla shi baya. Don haka aka yi wa gindinsa garkuwa wadda ke cinyewa sannu a hankali tana tafiya da zafin, kana laimomi uku su rage masa gudu har ya faɗa teku. Ta haka Armstrong da Aldrin da Collins suka sauka Tekun Fasifik ran 24 ga Yuli, 1969, kwana huɗu bayan an taka wata.

Babbar jarrabawa ta zo a Afrilun 1970, lokacin da tankin iskar shaƙa na Apollo 13 ya fashe a hanya. Aka fasa sauka. Lovell da Swigert da Haise suka fake cikin ƙaramin kumbon da aka gina don mutum biyu, suna tattalin ruwa da lantarki cikin tsananin sanyi, suka kewayo ta bayan wata, suka iso gida ran 17 ga Afrilu.

Tsakanin 1968 da 1972 mutum 24 suka je wata, 12 daga cikinsu suka taka ƙasarsa, kuma babu ko ɗaya da bai dawo da ransa ba. Wannan ne, a ganina, ma'aunin nasarar Apollo. Matsalar kuwa ba ta gushe da wancan zamani ba: a 2022 kumbon Orion ya dawo daga wata babu mutum a ciki, aka tarar garkuwarsa ta ɓamɓare fiye da yadda aka yi tsammani.