Daga Lefen Kaba Zuwa Rigar Dare Ɗaya

Duk wanda ya leƙa shagon tela a Dutsin-Ma ana gab da biki zai ji gardamar da ta zama ruwan dare a ƙasar Katsina. Amarya ta nuna hoto a waya, tana son doguwar riga mai kama jiki mai jan ƙasa, gwaggonta kuwa tana cewa wannan ba kayan Hausawa ba ne. Gardamar ta isa ƙauyuka irin su Ɗantutture da garuruwan ƙasar Kurfi, domin waya ta riga mota zuwa ko'ina. Ni a ganina, su biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da ya sauya a tufafin amaryar Bahaushe, wanda ya cancanci a damu da shi, shi ne tsawon rayuwar tufafin bayan an watse daga biki. Asalin yadin kuwa bai taɓa zama na gida zalla ba.

A duba kalmar lefe kanta. Asalinta sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, wanda dangin ango ke zuba kayan amarya a ciki. Daga baya kwalla ta karɓe shi, akwati kuma ya karɓe kwalla, sunan dai yana nan. Abin da ake zubawa a ciki a zamanin kakanni zannuwa ne: saƙi da masaƙa suka saƙa ƙwarya-ƙwarya da zaren da mata suka kaɗa, da baƙin zane da ya sha baba a marina ya sha bugu har yana ƙyalli, da na tsamiya ga masu hali. Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa Katsina ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, suna isa har Tumbutu da Tarabulus. Amma a wannan zamanin ma, zanen da ya fi daraja shi ne wanda aka ratsa da alharini, jan siliki da ayarin raƙuma ke ketowa da shi ta Sahara daga Tarabulus. Wato ƙawar da ake kira ta gargajiya tsantsa, da zaren ƙetare aka yi mata ado.

Haka abin ya ci gaba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin kanti ya yi yawa ya yi araha. Atamfar da yau ba a cika lefe sai da ita, kwaikwayon rinin mutanen Jawa ne na Indunusiya, wanda kamfanoni irin Vlisco na garin Helmond a Holan suka mayar na inji. Sai a 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki, audugar su Funtuwa da Malumfashi ta samu inda za a saƙa ta da inji a gida. Leshi daga Ostiriya da Suwizalan ya shigo, shadda ma haka, lafaya kuma ta biyo ta Borno. Kowane ɗayansu ya iso a matsayin baƙo, yau ga shi ana rantsuwa da shi a Kantin Kwari. Saboda haka mai cewa doguwar riga baƙuwa ce bai faɗi ƙarya ba, sai dai hujjarsa za ta kori atamfar da ke jikinsa tun kafin ta kori rigar.

Inda gwaggo ke da gaskiya, ko da ba ta faɗe shi haka ba, shi ne a nan. Zane dukiya ne. Turmin atamfa yadi shida, mace za ta ɗinka, ta ɗaura, ta je suna da shi, ta je gaisuwa, in ya kwana biyu ya zama zanen goyo, in ta shiga matsi ta sayar da wanda ba ta yanka ba. Ranar kai amarya kuwa, lulluɓe take ruf, ba a ganin fuskarta sai an yi buɗar kai, don haka ba a taɓa bukatar tufar da aikinta kawai a kalle ta ba. Rigar dina ta zo da wani tunani daban, wanda ya samo ƙarfi a Ingila bayan Sarauniya Biktoriya ta yi aure cikin farar riga a 1840: tufa ta musamman don yini guda. An yanka ta daidai jikin yarinya a wannan makon, an lulluɓe ta da duwatsu, jelarta ba ta shiga ɗakin ƙasa, ba ta hawa babur. Bayan haihuwar fari ko zif ɗinta ba zai rufu ba. Kuɗin da zai sayi turame da dama ya tafi a hoto.

Za a ce ai sau ɗaya ake auren fari, kuma teloli da masu ɗaurin kallabi da masu kwalliya na cin abinci da wannan sana'a, musamman tun da Jami'ar Tarayya ta zo Dutsin-Ma a 2011 garin ya cika da matasa. Ban musa ba, kuma ba na son a hana yarinya farin cikinta. Amma telan da ya iya fitar da riga mai jela ya iya fitar da wadda jelarta ke cirewa, mai faɗin da za a iya saki, da hannun da uwar miji ba za ta kawar da kai ba. Aikinsa bai ragu ba, ya ma ƙaru. Za a kuma ce masu kuɗi ne ke yi, ina ruwan talaka? Ruwansa kuwa ya yi tsaki, domin abin da aka gani a bikin birni shi ake tambayar manomin Ɗantutture in zai aurar da 'yarsa, shi kuma sai ya ɗaga buhun dawa ko ya kai akuya kasuwa.

Wasu amaren sun riga sun samo hanya ba tare da wa'azin kowa ba: lafaya ko saƙi ranar kamu, leshi da mayafi ranar ɗaurin aure, rigar dina kuma a karɓo haya a mayar washegari, kuɗin da ya rage a ƙara turmi biyu a akwati.