Daga Gurbin Dara Zuwa Dokin Ƙarfe

Duk wanda ya taso a karkarar arewacin Kano, ko Dambatta ko Bichi ko Minjibir, inda gona ke manne da gona, ya san abin da kan biyo bayan kaka. Da an zuba hatsi a rumbu, sai magidanta su taru a gindin bishiya, a haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida. Mutum biyu su zauna, kowa da 'ya'ya 12, wannan da karare, wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗan abokin karawarsa guda. Wannan ita ce dara, kuma yaƙi ce sosai, illa dai ba a zub da jini. Akwai kwanton ɓauna, akwai tare hanya, akwai kuma ranar da dara kan ci gida.

Ba mu kaɗai muka mai da yaƙi wasa ba. A 1824 wani hafsan sojan Jamusawa na daular Purushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan da ake yi a kan taswira, da 'yan gutsattsarin ƙarfe a madadin runduna, da alƙali mai yanke hukunci. Suka karɓe shi don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafinsa Little Wars, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin irin wannan wasa ga farar hula.

Daga wannan tsatso ne kamfanin FASA na birnin Shikago a Amurka ya fito da wani wasa a 1984, wanda a shekarar da ta biyo aka raɗa masa suna BattleTech. Labarinsa na faruwa ne a ƙarni na 31. Mayaƙi kan shiga cikin wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai nauyin tan 20 zuwa 100, yana tuƙa shi. 'Yan wasa kan tura ƙananan siffofinsa a kan taswira mai gidaje masu kusurwa shida, su jefa 'ya'yan lido biyu don sanin ko harbi ya samu. Babbar ƙa'idarsa ita ce zafi: duk harbin da aka yi injin na ƙara ɗumi, in ya yi yawa sai ya mutu a tsakiyar fage, ko albarusan da ke cikinsa su fashe. Tun daga 1986 aka fara rubuta ƙagaggun labarai a kan wasan, har suka zama littattafai masu ɗimbin yawa.

To, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne, mu ma mun taɓa mallakar irin wannan ƙato da mutum ke tuƙawa, wato ɗan lifidi. Kundin tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, saboda asarar rayukan da aka yi a yaƙin Umbatu. Akan lulluɓe doki da mahayinsa da tufa mai kauri da aka cusa wa auduga, ta yadda kibiya ba ta ratsawa cikin sauƙi. Amma kowane allazi da nasa amanu. Lifidi na da nauyi, ga zafin rana, ga shi auduga ba ta shiri da wuta, in kuwa mahayi ya faɗo, tashi sai da taimako. Ashe matsalar da Amurkawa suka ƙaga a kan tebur, kakanninmu sun sha ta a zahiri.

A wannan yanki namu na arewa ne, a Ɗanyaya, wajen 1807, rundunar Sarki Alwali mai tarin dawaki ta sha kashi a hannun masu jihadi, waɗanda ƙarfinsu ya fi karkata ga baka da kibiya. Wannan darasi ne da kowane gwanin dara ya sani: yawan 'ya'ya ba ya hana a ci mutum in bai iya jeri ba. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Ingila suka ci Kano da igwa da bindiga mai ruwa, daga nan lifidi ya koma kayan ado na hawan salla.

'Yan'uwa marubuta, ga abin dubawa. Wasu sun ƙagi tarihin da bai faru ba, sun yi masa taswira da ƙa'ida, sun cika kanta da littattafai. Mu kuwa namu ya faru, filayensa na nan ana noma su. Dattawan da suka iya dara suna ta raguwa, samari sun koma ga wayar hannu. Kafin a rufe gurbin ƙarshe, ya kamata mu je mu zauna da su, mu rubuta ƙa'idojinta da kalmominta, mu kuma ɗora ɗan lifidi a kan takarda, da zufarsa da fargabarsa. Allah ya ba mu iko.