Wayar Salula da Tukunyar Talaka a Ƙasar Haɗeja

Mu da muka tashi a zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa a Malam Madori, shaida ne cewa ba ƙarancin amfani kaɗai ke karya talakan fadama ba, har da rashin sanin farashi. Masunci ya kyafe kifinsa a Guri ko Kirikasamma, dillali ya zo ya yanka masa abin da ya ga dama, domin shi kaɗai ya san yadda kasuwa ta kwana a Kano. Saƙon kuɗi daga ɗan da ke birni kuwa sai an jira direba, wasiƙar kuma a biyo mu da ita makaranta mu karanta, asirin gida ya zama na malamai.

A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki a Nijeriya, lokacin da layi ɗaya ya fi ƙarfin albashin malamin firamare. Sai da Glo ya shigo a 2003 farashi ya soma sauka, sannu a hankali sabis ya ratsa ƙauyukanmu. Daga nan mai tattasai a Auyo ya samu ikon jin farashin 'Yankaba kafin ya ɗaure buhu. A ganinmu wannan ya fi taɓa tukunyar talaka a kan duk kwamfutocin da gwamnatin Saminu Turaki ta yi ta zawarci, duk da ba mu raina cibiyar Kazaure da ta yaye 'ya'yanmu ba.

A 2012 gwamnatin tarayya ta fara turo wa manomi rabonsa na taki ta saƙon waya. Wasu sun samu. Wasu, musamman mata da waɗanda ba su iya karatun boko ba, sai maƙwabci ya karanta musu, ya kuma nemi lada. Da takardun naira suka yi wuya a farkon 2023, masu POS ne suka riƙe gidaje da dama da abin da kuke turowa daga Kano, Abuja da Legas.

Amma ruwa bai san waya ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogi ta sauya, kacala ta toshe hanyoyinsa. A ambaliyar 2022 an yi ta bugo mana waya daga ƙauyuka ana cewa ga ruwa nan, mutane suka tsira da rayukansu, shinkafa kuwa ta kwana a ƙarƙashinsa.